Yadda ake sauya ƙaramin batir a motar iyali mai amfani da fetur da caji

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu neman motar iyali suka fara waiwayar irin motocin da ke haɗa injin fetur da lantarki, musamman waɗanda ake jona wa wuta a gida a yi musu caji. Wadda aka fi sani a cikin manyan motocin iyali na wannan rukuni ita ce Chrysler Pacifica Hybrid, wadda ta fara fita a Amurka da samfurin 2017, kuma da ita za a yi misali a wannan jagora, duk da cewa mafi yawan bayanin ya shafi sauran 'yan'uwanta. Mai irin wannan mota a yankin Gumel, Ringim, Bichi ko Birnin Kudu yana da matsalar da mutumin birni ba shi da ita, domin ranar da motar ta ƙi tashi babu garejin da ya saba da ita a kusa, kuma bakaniken da ke bakin tasha, duk iyawarsa, da motocin da ya sani zai auna ta. Sau da yawa kuwa abin da ya tsayar da motar bai wuce ƙaramin batir mai bolt 12 ba, wanda sauya shi aikin sa'a guda ne ga wanda ya bi shi a tsanake.

Abin da ƙaramin batirin yake yi

Motar tana ɗauke da batir biyu. Babban, mai kilowat-awa 16 da ƙarfin da ya haura bolt 300, yana shimfiɗe a ƙarƙashin daɓen kujerun tsakiya, kuma shi ne yake tafiyar da motar kimanin kilomita 50 ba tare da an ƙona fetur ba. Ƙaramin kuwa irin wanda kowa ya sani ne, sai dai aikinsa ya bambanta da na sauran motoci. Wannan mota ba ta da kik irin na gargajiya, ba ta kuma da altaneta. Injin lantarkin da ke cikin giya ne yake murza injin fetur ya tashe shi, wata na'ura kuma ita ke rage wutar babban batir ta mayar da ita daidai da abin da ƙaramin zai iya sha. Aikin ƙaramin batirin shi ne ya farkar da kwamfutocin motar, sannan ya ja makunnan da ke haɗa babban batir da sauran jikin motar. Idan ya mutu, waɗannan makunnai ba za su rufu ba, sai motar ta zama kamar sito cike da hatsi wanda mabuɗinsa ya ɓata: babban batir a cike, tanki a cike, amma ba ta ko motsi.

Wannan ne dalilin da ya sa alamomin mutuwarsa suke ruɗa mutane. Ba za a ji wannan jan numfashi na kik da aka saba ji a tsohuwar mota ba. Abin da za a gani shi ne fitilun gargaɗi barkatai a gaban direba, saƙonnin da ke cewa a duba birki ko a duba tsarin caji, ƙofofin gefe masu zugewa da kansu suna tsayawa a rabi, allon rediyo yana ɗaukewa yana dawowa, motar ta ƙi karɓar caji, daga ƙarshe kuma ta ƙi nuna kalmar READY, wadda ke nufin ta kunnu ta shirya tafiya, idan an danna maɓallin kunnawa. Wanda bai sani ba sai hankalinsa ya tashi ya ɗauka babban batir ne ya lalace, alhali ba a taɓa yanke wannan hukunci kafin a auna ƙaramin.

Awon ba shi da wuya. A bar motar ta kwana a kashe, ba a jone da caji ba, da safe a ɗora mitar auna wuta a kan batirin, ko a kan wuraren jona wuta da ke ƙarƙashin bonet. Lafiyayyen batir cikakke yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. Idan ya nuna 12.2 ya yi rauni, idan kuma ya sauka ƙasa da 12 to ya kusan ƙarewa. Daga nan sai a kunna motar har ta nuna READY a sake aunawa. A nan ya kamata a ga lambar ta haura 13, galibi tsakanin 13.5 da 14.7, wanda ke nuna cewa na'urar da ke yi masa caji tana aiki. Idan lambar ba ta ɗaga ba ko kaɗan, matsalar ba ta batir kaɗai ba ce, kuma sabon da za a saka zai mutu cikin 'yan kwanaki. Haka nan batirin da aka yi wa cikakken caji ya sake zubewa cikin kwana ɗaya ko biyu, ko dai ya tsufa ne, ko kuma akwai abin da ke shan wuta bayan an kashe motar, irin su na'urar bin sawun mota, ƙarin lasifika, ko wayar da ɓera ya gwaguya, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ke kwana kusa da rumbu.

Sayen wanda ya dace

A nan ne aka fi yin asara, saboda haka a nan ya kamata a fi tsayawa. Batirin Pacifica Hybrid ba a ƙarƙashin bonet yake ba. Yana cikin but, a bayan bangon roba na ɓangaren hagu, wato yana ɗaki guda da fasinjoji. Don haka aka yi shi da nau'in da ake kira AGM, wanda ruwan batirinsa yake tsotse a cikin wata audugar gilashi, ba ya zuba ko da motar ta karkata, ba a buɗe shi, ba a kuma ƙara masa ruwa. Batir mai ruwa na yau da kullum ya fi araha, kuma mai shago zai iya rantsuwa cewa zai tashi motar. Gaskiya ne zai tashe ta. Amma tsarin cajin motar an daidaita shi ne da AGM, kuma batir mai ruwa a cikin rufaffen but, a kan hanyar burji mai gargada, yana fitar da tururin da ke cin ƙarfe, ga haɗarin tsiyayar ruwan a wurin da yara ke zama da kaya ke kwanciya. A ganina wannan rangwamen kuɗi bai kai a saye shi da lafiyar iyali ba.

Kafin a kama hanyar Kano, ko kasuwar Ƙofar Ruwa ko shagunan Sabon Gari, a buɗe murfin a ɗauki hoton takardar da ke jikin tsohon batirin da waya, a kuma ɗauki hoton yadda kawunansa suke zaune. Abubuwan da ake nema su ne lambar girma, yawan wutar da yake riƙewa wadda ake rubutawa da Ah, da kuma ɓangaren da kan mai alamar + yake. Girman da ake yawan samu a motoci irin wannan shi ne H6, wanda wasu kamfanoni ke rubutawa 48 ko LN3, tsawonsa kimanin santimita 28, faɗinsa 17.5, tsayinsa 19, galibi mai Ah 70. Amma abin da ke rubuce a littafin motar da jikin batirin asali shi ne hujja, kuma a lura cewa motar da ta zo a matsayin ta hannu wataƙila an riga an sauya mata batir da wanda bai dace ba tun a hanya. Batirin da aka juya kawunansa ba zai yi ba, domin wayoyin gajeru ne, kuma jan su da ƙarfi don su kai ɓarna ce.

Sai maganar shekaru. Batir yana tsufa ko da yana kan kanta, zafin Kano na watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, yana hanzarta wannan tsufa. A nemi ranar da aka ƙera shi a jikinsa, a guji wanda ya daɗe fiye da wata shida a ajiye, a kuma sa mai shago ya ɗora mita a gaban ido. Sabon AGM da ya nuna ƙasa da 12.5 ya jima yana zaune. A duba gefensa na sama a tabbatar yana da ƙaramin ramin fitar da iska, a karɓi rasit da takardar garanti. Idan ya zama dole a ƙara masa caji kafin a saka, a nemi caja mai sarrafa kanta wadda take da zaɓin AGM, domin manyan cajojin masu cajin batir na bakin hanya, waɗanda ba su da iyaka, suna iya dafa shi ya kumbura, kuma ruwan da ya ƙone a cikinsa ba ya mayuwa.

Shiri kafin a taɓa sifana

Kayan aikin kaɗan ne: sifana lamba 10, soket masu lamba 10 da 13 da dogon hannunsu, mita, tocila, safar hannu, tabarau, tef na lantarki, tsumma mai tsabta, da ƙaramin burushin waya. A cire zoben azurfa da agogon ƙarfe, a naɗe hannun riga. Zoben da ya haɗa kan batir da jikin mota yana yin ja cikin ƙiftawar ido, kuma ƙunarsa tana kaiwa ƙashi. Kada a kusanto da taba ko wuta, domin batir yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa.

A ajiye motar a inuwa, a wuri mai daidai, da safe kafin rana ta yi zafi. A zare wayar caji daga jikinta gaba ɗaya, domin muddin tana jone, motar tana iya farkawa ta tura wuta. A sa giya a P, a ja birkin tsayawa, sannan a sa dutse ko itace a ƙarƙashin taya. Giyar wannan mota da birkin tsayawarta duka na lantarki ne, da zarar an cire batir ba za a iya sauya ko ɗaya ba, saboda haka a tabbata inda aka ajiye ta ba ta tare wa kowa hanya ba.

A buɗe ƙofar but a bar ta a buɗe har a gama, a kuma sauke gilashin direba. Wannan mataki ƙarami ne amma mantawa da shi yana da tsada, domin makullin but na lantarki ne, kuma idan wani yaro ya rufe shi bayan an cire batir, an kulle aikin a ciki. Wanda batirinsa ya riga ya mutu murus har ƙofofi suka ƙi buɗewa, sai ya zaro ƙaramin mabuɗin ƙarfe da ke ɓoye cikin rimot ya buɗe ƙofar direba, ya buɗe bonet, ya jona wani batir mai bolt 12 a wuraren da aka tanada domin haka, ja a kan mai alamar +, baƙi a wurin da aka ware a jikin ƙarfe, har but ɗin ya buɗu, sannan ya cire.

Bayan haka a kashe motar, a kai rimot ɗin nesa, cikin gida, a jira kamar minti goma ba tare da an taɓa ƙofa ba, domin kwamfutocin su kammala ajiye bayanansu su yi barci, babban batir kuma ya yanke kansa. Duk wayar da aka gani mai launin ruwan goro ta babbar wuta ce. Wannan aiki ba ya buƙatar a taɓa ko ɗaya daga cikinsu, kuma duk wanda ya ce sai an kwance ta, a dakatar da shi.

Akwai wasu ɗabi'u da aka saba da su a garejinmu waɗanda dole a ajiye su a nan. Ba a tura wannan mota ta tashi. Ba a cire kan batir alhali tana kunne don a gwada caji, ba a kuma tashe ta da batirin aro sannan a musanya shi tana aiki, domin tsallen wutar da hakan ke haifarwa yana iya ƙona na'urar caji ko ɗaya daga cikin kwamfutocin, waɗanda kuɗin kowannensu ya ninka na batir sau da yawa. Ba a goga waya a kan batir don a ga tartsatsi. Idan za a kira mai rewaya ya taimaka, a faɗa masa waɗannan tun kafin ya buɗe jakarsa, cikin girmamawa, a kuma tsaya a wurin.

Cire tsohon

A kwantar da kujerun baya a cikin raminsu don a sami fili, a cire murfin da ke bangon hagu. Idan ramin da murfin ya buɗe ya yi ƙanƙanta sai a sassauta robar da ke kewaye a hankali, domin maƙalanta suna bushewa da zafi, suna karyewa da ƙaramin fizga. Kafin a kwance komai a ɗauki hoto biyu ko uku daga kusurwoyi daban-daban.

Ana farawa da baƙin kan, mai alamar -. Dalilin shi ne wannan kan yana haɗe da ƙarfen motar baki ɗaya, don haka idan sifana ta taɓa jikin mota yayin kwance shi babu abin da zai faru, amma da za a fara da jan kan, taɓawa ɗaya ta isa ta tayar da tartsatsin da zai narka bakin sifanar. A kan wannan baƙin kai akwai wata 'yar na'ura mai siririyar waya, wadda ke auna wutar da ke shiga da wadda ke fita. A zare fulog ɗinta da yatsa, kada a ja ta waya. A sassauta notin, a murɗa kan hagu da dama har ya saki. Ba a dukansa da guduma ko dutse, ba a kuma ɗaga shi da sukundireba ta ƙarƙashin na'urar. Idan ya fita a naɗe shi da tsumma a ɗaure shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa batir ba.

Sai jan kan. A ɗaga murfinsa, a sassauta notin da ke riƙe shi a kan batir kawai, a bar sauran notocin da ke riƙe wayoyi da fis a jikinsa yadda suke, a rufe shi da tef. Daga nan a zare siririn tiyon da ke maƙale a gefen batirin, wanda ke fitar da iska zuwa wajen mota, a kwance ƙarfen da ke danne batirin, a ajiye notocin a cikin kwano. Batirin yana da nauyin kusan kilo 20, wurin kuma matsattse ne, saboda haka gara mutum biyu su kama, a fito da shi a tsaye. A share mazauninsa, a duba ko akwai tsatsa, danshi, farin gari ko kashin ɓera. Farin garin da ke kan wayoyi ana goge shi da burushi har ƙarfen ya yi haske.

Saka sabon

A jera sabon da tsohon a ƙasa a kwatanta su kafin a ɗaga. Yawancin batura suna da ramin iska a gefe biyu: wanda ke ɓangaren tiyo a bar shi a buɗe, ɗayan kuma a toshe shi da ɗan marfin da ya zo da sabon, ko a ciro na jikin tsohon. Idan gwiwar robar da tiyon ke shiga ta maƙale a tsohon batirin, a ciro ta a mayar. Mutane da yawa suna watsi da wannan tiyo saboda ba ya hana mota tashi, amma shi ne yake hana iskar batir taruwa a inda iyali ke shaƙa.

A zaunar da batirin, a ɗaure ƙarfen da ke danne shi har sai an girgiza shi da hannu bai motsa ba. Girgizar hanyar ƙauye tana kashe batirin da ba a ɗaure ba tun kafin lokacinsa. Sannan a mayar da kawunan a juye da yadda aka cire su, wato jan kan da farko, a danna shi har ƙasa, a ɗaure, a rufe murfinsa, sannan baƙin kan a ƙarshe, tare da fulog ɗin 'yar na'urarsa. Ƙaramin tartsatsi a lokacin da baƙin ya taɓa ba abin damuwa ba ne, kuma ƙararrawar ɓarayi tana iya tashi, sai a kashe ta da rimot. Ɗaurin da ake so shi ne wanda kan ba zai juya da hannu ba, ba wanda zai tsage shi ba. Kan da ya buɗe har ya ƙi kamawa ana sauya shi ne, ba a cusa masa ƙusa ko guntun gwangwani, domin sako-sakon haɗi yana zafi. Kamfanin Chrysler da kansa ya taɓa kiran a dawo da motocin Pacifica Hybrid samfurin 2017 zuwa 2020 domin gyara a shekarar 2020 saboda wani mahaɗin wayar bolt 12 da ke iya yin zafi har ya tayar da gobara, don haka wanda ya sayi ta hannu yana da kyau ya sa a bincika masa da lambar jikin motar ko an yi mata wannan gyara.

Kafin a mayar da robar bango a kunna motar. Idan READY ta fito, a ɗora mita a ga lambar ta haura 13. Wasu fitilun gargaɗi suna iya zama na ɗan lokaci. A murɗa sitiyari har ƙarshen hagu, a mayar har ƙarshen dama, a yi 'yar gajeriyar tafiya, a kashe a sake kunnawa, yawancinsu za su ɗauke. Gilashin da ya daina hawa da kansa ana koya masa ne ta hanyar ɗaga shi har sama a ci gaba da riƙe maɓallin daƙiƙa biyu, sannan a sauke shi har ƙasa a sake riƙewa daƙiƙa biyu. Ƙofofin gefe da ta but a buɗe su a rufe sau ɗaya da hannu, sannan a gwada da maɓalli. A gyara agogo, domin jadawalin caji da shi yake aiki. Daren farko a bar motar a kulle ba a dame ta ba, 'yar na'urar da ke kan batir tana buƙatar awanni na hutu kafin ta gane ƙarfin sabon. Wasu motocin Turai, irin su Volkswagen, suna buƙatar a sanar da kwamfutarsu da na'urar bincike cewa an sauya batir, don haka mai irinsu ya duba littafinsa. Fitilar da ta ƙi ɗaukewa bayan kwana biyu kuwa sai an kai motar inda ake da na'urar karanta matsala.

Ƙaramin batirin yana samun caji ne idan motar tana READY ko tana shan wuta daga soket. Zama a cikinta ana jin rediyo ko ana cajin wayoyi ba tare da READY ba, kamar yadda ake yi a wurin biki ko ranar kasuwa, yana zuƙe shi, haka ma ajiye ta makonni ba a kunna ba. Motar da ba a fita da ita kullum a riƙa kunna ta rabin sa'a a kowane mako, a fili inda iska ke wucewa, tunda injin fetur yana iya tashi da kansa.

Tsohon batirin kada a bar shi a tsakar gida, kada kuma a fasa shi. Dalma ce cike da shi, kuma abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya isa a nisanta ta da inda yara ke wasa da inda dabbobi ke kiwo. A ajiye shi a tsaye a kan katako, a rufe kawunansa da tef, a mayar wa mai shagon da aka sayi sabon, yawancinsu suna karɓa su rage wani abu daga kuɗin.